Motar Asuba a Denizli

Ƙarfe huɗu da rabi nake tada inji.
Zakarun garin nan doguwar cara gare su:
ɗaya zai ɗauko ina bakin gareji,
ba ya direwa sai na kai shataletalen farko.

Gülizar ce farkon shiga, kullum.
Shekara ashirin da biyu tana tsaron injin saƙa
har kunnenta na hagu ya yi murabus ya bar ta.
Tawul take yi, farare, masu laushin cikin burodi,
da za su goge bayan baƙi
a otal ɗin ƙasashen da ko a mafarki ba ta taka ba.
Auduga a gashinta kamar furfura ta yi sammako.
In na gaishe ta sai ta juyo min da na dama.

Tasha ta uku, masu fasa dutse.
Su ba su da surutu.
Yini suke suna yanka tsauni kamar sabulu,
marmara ta hau tirela ta nufi bakin teku,
ƙurarta kuma ta biyo su gida a ƙirji.
Şevket na zama bayana.
Da tarinsa nake sanin ya shigo, ba sai na duba madubi ba.

Sai yaran kamfanin waya,
masu jan ƙarfe har ya koma siririn zare.
Ertan ya ce wayar da ya ja a bana
za ta ɗaure duniya ta yi ragowar ƙulli.
Na ce to ja mana wadda za ta gyara fitilar unguwarmu.

Akwai mai ƙanshin gasasshen wake daga masoyar ƙauye.
Akwai nas da ta kwana a tsaye, ita gida ta nufa,
mu muna fita, ita tana kifa kai jikin gilashi.
Akwai wani yaro mai haddar Jamusanci a waya
don ya kai baƙi farin tudu mai ruwan zafi
ya ce musu su cire takalma.

Shekarar da odar waje ta tsaya cik,
mahaifina ya rufe masaƙarsa da tsohon bargo
kamar mai rufe gawa.
Ya ce, shi ke nan, gari ya mutu.
Bai mutu ba.
Albashin surukinmu na kamfanin waya ya riƙe tukunya,
da wayar ta yi sanyi, dutse ya karɓa,
da dutse ya gaza, ga baƙi da kyamarorinsu.
Tukunya ba ta zama kan dutsen murhu ɗaya,
amma wanda dutsensa ya fashe
bai damu da cewa tuwo ya nuna a gidan wani ba.
Mahaifina bai sake yaye bargon nan ba.

Da can, zamanin biyan tsaba,
da dare in na juye akwatin kuɗi
ina gane kowane kwabo daga inda ya fito:
mai gari-gari, mai maiƙon inji, mai silin auduga.
Yanzu kati ne. Ƙit, ƙit. Kowa ƙararsa ɗaya.

Sati uku ke nan ban ji tari a bayana ba.
Jiya wata yarinya ta zauna a wurin,
jakar kwamfuta a cinya, goshin Şevket sak.
Ta ce tana koya wa injinan saƙa lissafi
a sabon ginin gilashin da ke bayan jami'a.
Na tambayi babanta. Ta ce yana hawa na huɗu, gefen taga,
wai yana hango tsaunin, yana nuna wa nas inda ya yanka.

Hanyata ba ta bi ta ginin gilashin ba.
Na karya kwana, na sauke ta a ƙofa.
Gülizar ta dubi agogo, ba ta ce komai ba.