Kofi Biyu a Bakin Taga

Shekara talatin babana Ercim
yana tada mota da wuta.
Ƙarfe huɗu na asuba zai fita,
numfashinsa na daskarewa a gashin baki,
ya durƙusa ƙarƙashin Burodi,
tsohuwar motarmu da ta ci sunan siffarta,
ya kara mata harshen wuta a ciki
har baƙin man da ya kwana a sandare
ya tuna cewa shi mai ne.

Bana hannunsa rawa yake.
Cokali ma sai da dabara yake isa baki.
Makulli ya dawo aljihuna,
ga Inna da ganin likita ran Talata
a Yakutsk, hayin kogin Lena,
inda ruwa ya zama titi tun watan jiya.

A shagon Micil na tsaya gaban kanta
ina kallon galan-galan kamar baƙuwa.
Ya ɗora yatsa mai tabon maiko
kan lambar da ke gaban harafin W.
"Wannan ita ce ta sanyi.
Goma, sha biyar, na mutanen kudu ne
masu ganin ƙasa a watan Maris.
Mu nan, ƙanwata, sifili.
Arba'in ɗin da ke baya
kaurinsa ne in inji ya ɗau zafi.
Ki duba littafin motar, in ɓera ya bar saura."
Na ji farashi, na haɗiye yawu,
na ƙirga masa rabin kuɗin itacen wata.

Baba ya jijjiga galan a kunne.
"Ruwa suka sayar miki, Tuyara.
Mai sai da kauri.
Wannan injin duk kafa ce,
tsiyayar da shi zai yi kamar kwando."

Ban ja da shi ba. Ba a ja da shi.
Kofin shayi biyu na ɗauko,
na zuba nasa a ɗaya, nawa a ɗaya,
na ajiye su waje, bakin taga,
na bar wa dare shari'ar.

Gari ya waye arba'in da ɗaya ƙasa da sifili.
Hazo ya haɗiye gidan maƙwabta.
Shi ya fita da kansa, hula a karkace.
Ya kifa kofinsa: ko gezau,
kamar madarar da ake sayarwa dunƙule a kasuwa.
Ya karkata nawa.
Ya ɗan yi nawa, ya yi miƙa irin ta mai barci,
sannan ya gangaro
siriri, ruwan zuma,
ya ɗiga a kan takalminsa.

Ya daɗe yana kallon takalmin.

Mun juye tsohon a garejin Micil mai murhu,
muka canza matata, muka ɗura sabo.
Asubar Talata na murɗa makulli.
Ta yi nishi. Na sake. Ta yi tari.
A na uku ta kama,
jar fitilar mai tana ci,
Baba na ƙirge da ƙarfi a bayana:
ɗaya, biyu, uku, huɗu,
ta mutu.
"Da nawa," ya ce, "sai na kai ashirin
ina jin ƙarfe na cin ƙarfe."
Iyakar abin da ya ce ke nan.

Amma ya cusa fitilar wutarsa bayan kujera.
"Batir bai san sifilinki ba."
Ya kuma nuna mini ɗigo uku
a kan ƙanƙara, ƙarƙashin inji.
"Kwando, na gaya miki. Kullum ki zaro ma'auni."

Kullum ina zarowa.

Inna ta shiga da bargo biyu da tulun shayi.
Da na waiwaya, yana jikin taga,
ya narka gilashi da tafin hannu
daidai faɗin ido ɗaya.
Muka gangara kan kogi,
kifaye na barci ƙarƙashin tayoyinmu,
Burodi na gurnani a hankali
kamar ba ta taɓa sanin wuta ba.