Amyoyin Anaruwa

Ana ruwa aka haife shi, daga nan sunan ya fito.
Kaka ta ce ranar har kwaɗi sun kwana a ɗaki.
Yau, da shekara saba'in da 'yan kai,
Baba Anaruwa na zaune gindin ɗorawa a Mahuta
yana duban sama kamar mai bin ta bashi.

Bazarar bana ba mu san irinta ba.
Tun hantsi murfin rijiya ke cizon hannu,
randa ta manta aikinta,
kaji sun saki baki ƙarƙashin rumbu,
uku suka tafi ran Laraba, ba a kai ga wuƙa ba.
Rediyo ya ce digiri arba'in da biyar,
ya ce sauyin yanayi.
Baba ya ce, "Su je su gaya wa ƙudan zuma,
ni tuni ƙeyata ta ba ni labari."

Amya goma sha tara gare shi a dawa.
Shi ya saƙa, ya shafe da kashin shanu,
ya turara, ya hau kirya da marke ya ɗaure.
Su suka biya mini kuɗin makaranta,
su suka sa kwano a ɗakin Inna Ige.
Bana saƙa ta narke tun tana bisa,
zuma ta bi ɓawon itace har ƙasa,
tururuwa suka yi biki.

Sai daren Asabar.
Wasu sun ce 'yan farautar gafiya ne,
wasu sun ce mai gawayi, wasu guntun taba.
Ciyawar da ta bushe haka ba ta tambayar wa ya kunna.
Muka tsaya bayan gari muna kallon dutse ya yi ja,
muna jin gora na fashewa.
Ba wanda ya ce uffan, sai wani yaro da ya ce yana jin ƙamshin alewa.

Kwana uku rana na fitowa kamar jan gauta.
Toka a shanya, toka a miya, toka a gashin ido.
Ciki tanda, waje hayaƙi,
ka zaɓi inda za ka kasa barci.
Inna ta jiƙa zane ta rataya a ƙofa,
ta ɗaura wa jikarta ɗanyen kallabi a hanci,
kafin ta juya ya bushe, ta sake.
Mai kemis ya ce maganin shaƙa ya ƙare tun jiya.
Baba na tari yana dariya:
"Shekara hamsin ina kai musu hayaƙi har gida,
ga shi an kawo mini nawa har gado."

Ran na huɗu muka je ƙirga.
Sha shida sun zama baƙin tabo a reshe.
Biyu na nan, ba kowa ciki.
Ta ƙarshen, can saman wani marke da wuta ta tsallake,
ya kafa kunne a jikin itacen, ya daɗe,
sannan ya ɗaga mini yatsa ɗaya.

Yanzu kullum da asuba
yakan ɗaura jarka a keke, ya tura, ba ya hawa.
Ya aje fasasshen kasko a inuwa,
ya jera tsakuwa don kada su nutse.
Nomau ya tare shi a bakin burtsatse:
"Mutane na layi tun dare, kai ƙuda kake shayarwa?"
Ya ce, "Na ci nasu da yawa, Nomau."

Jiya na bi shi.
Gabas ta haɗa wani ɗan hadari, ta fasa.
Muka zauna cikin toka mai ɗumi
har guda ta sauko kan tsakuwa, ta sunkuya.
Na ga tari ya taso masa, ya cika ƙirji,
ya danne da hannu biyu, idonsa na ruwa,
har sai da ta sha ta tashi.