Saƙon da Aka Ba Hannu

Ƙarfe uku na dare, a kan hanyar Esbjerg,
ƙanƙara na dukan gilashin motar asibiti.
Na ɗaura wa Preben madaurin awon jini a damtse,
na hura shi har yatsunsa suka yi fari.

Minti biyar a matse, minti biyar a sake,
har sau huɗu. Haka aka koya mana:
a ɗan tsorata hannu,
shi kuwa ya aika wa zuciya cewa ta shirya,
yunwar jini na tafe.
In kunne ya ji, jiki ya tsira.

To, da wane kunnen?

Shekara ashirin da shida ciwon sukari
na gaigayar jijiyoyinsa, kamar ɓera da igiyar jirgi.
Tun bara tafin ƙafarsa ya daina sanin sanyin daɓe.
Yau ma ƙirjin bai yi masa ciwo ba.
Solvej ce ta ga gumi
na ɗiga cikin farantinsa na kifi da dankali,
ta ajiye cokali.

Jijiya biyu ke magana da zuciyar mutum.
Ɗaya ta ce: ruga!
Ɗayar, mai yawon nan da ke saukowa ta wuya,
ta ce: sannu, ja numfashi.
Ta biyun ta daɗe da yin shiru a jikin Preben.
Ta farkon kuwa sai tsawa take
a kan naman da ke neman iska,
tana ƙara masa aiki, abinci na yankewa.

Shekara talatin ya yi a ɗakin injin jirgin fito.
Ya buɗe ido, ya dubi allon:
ɗari da goma sha takwas,
ba hawa, ba sauka.
Ya ce, “'Yata, injin da ba ya sauya murya,
shi nake tsoro.”

Na hura karo na huɗu.
Ban san ko saƙon ya sami hanya ba,
ko yana can tsaye a bakin gadar da ta karye.

Ƙofa ta buɗe, aka karɓe shi.
Takalminsa ɗaya ya rage a ƙarƙashin gado.

Na zauna a matakala, na sa yatsu biyu a wuyana.
Na ja iska, ta ɗan yi sauri.
Na sake, ta lafa.
Su biyun suna nan, suna gardamarsu.