Kwanan Wata a Jikin Jarka

A garinmu Vallenar, kowace ɗaya ga Maris
da kowace ɗaya ga Satumba,
kakata Eduvigis kan tashe ni tun gari bai waye ba:
"Nibaldo, ɗauko alƙalamin nan mai kauri."
Mu durƙusa ƙarƙashin matakala,
lungun da rana ba ta taɓa leƙawa ba,
mu jawo shuɗɗan jarkoki shida,
kowace da nauyin ɗan akuya.

Tsohon ruwa ba na kwata ba ne.
Na lemun tsamin bayan gida ne,
abin da ya saura a wanke daɓe.
Sai sabulu, sai ɗauraya uku,
ɗigon bilic, a girgiza, a sake ɗaurayewa.
Ta kai hanci bakin jarka
kamar mai tayin kifi a kasuwa.
In ta gyaɗa kai, in cika, in murɗe murfi,
ta rubuta kwanan wata da hannunta mai rawa.

Lissafinta bai taɓa sauyawa ba:
mu huɗu, lita huɗu-huɗu, kwana uku,
da ɗan abin da kare zai lasa.
Jarka biyar ke nan.
Na ce, ta shidan fa?
Ta ce, "Ta wanda bai tanada ba."

Babana Baldomero direban babbar mota ne,
hanyar arewa, inda dutse ke bin dutse
ba ko ciyawar da za ta yi maka sannu.
Kullum sai sun yi.
Ya jefa gorar ruwa kusa da galan ɗin mai,
ta ciro.
"Roba ba ta mantuwa.
In ta shaƙi wari, sai ta shayar da kai."
Ta naɗe goruna huɗu cikin tsohon bargo,
ta tura ƙarƙashin kujera, nesa da zafin gilashi.
Duk ƙarshen wata ta sauya su.
Ya ce, "Mama, Copiapó zan je, ba duniyar wata ba."

Daren da ƙasa ta motsa,
kwanuka suka sauko da kansu.
Da safe famfo ya yi tari biyu,
ya tofar da laka,
ya yi shiru.

Muka sha da ƙoƙon awo.
Ba wanka. Kwano da takarda ake shafe shi.
Rana ta biyu tela Orozimbo ya tsaya bakin ƙofa,
yana juya hularsa, ya kasa magana.
Kaka ba ta bari ya roƙa ba.
Ta ce in kai masa ta shida.

Baba kuwa yana can, gada ta tsage a gabansa,
motoci sun yi layi a bayansa,
rana ta tsaya a ka ba ta da niyyar gusawa.
A wata ƙaramar mota, mace da jariri
da gwangwanin madarar gari,
ba abin damawa.

Ya dawo rana ta uku, leɓe a tsattsage,
goruna huɗu wayam cikin bargo.
Daga baya muka ji ɗaya kaɗai ya sha.
Bai ce ta yi gaskiya ba; ba halinsa ba ne.
Ranar da famfo ya dawo
shi ya wanke gorunan, ɗauraya uku,
ya ce, "Ina alƙalamin nan?"

Yau shekara tara da rasuwarta.
Jarkokin sun tsufa, na sayi sababbi,
amma na bar ɗaya, ba na zuba mata komai.
A jikinta kwanakin wata sun jeru, an soke su bi da bi,
rubutunta yana ƙara karkacewa
har inda nawa ya karɓa.

Gobe ɗaya ga Maris.
'Yata Ximena ta ɓoye alƙalamin a ƙarƙashin filo,
wai bana ita za ta rubuta.