Matattakala ta Tara

Mu biyar ne, in ka haɗa da janareto,
wanda ya fi mu duka yawan magana.
A saman shagon mai gyaran fanka muke, Titin Gidan Zoo,
matattakala goma sha bakwai, ta tara ta tsage,
ka tsallake ta in ka zo.
A ƙofa Sagir ya rubuta Mazari da shuɗin fenti,
har yau masu kawo saƙo na tambaya ko zare muke sayarwa.

Da rana mu masu lissafin wasu ne.
Manhajarmu ke ƙirga turamen atamfa a Kantin Kwari,
katan ɗin taliya a Singa,
da bashin da aka ci Laraba aka ce sai Juma'a.
Ita ke biyan haya, ita ke sayen fetur.
Ba ta da kyan gani, jakin yashi ce,
amma ba ta taɓa kwanta mana a hanya ba.

Bayan isha ne muke zama namu.
Wata bakwai muna haƙa gurbin dara a cikin waya.
Rumasa'u daga gida take turo zane,
ta ce ƙasar ta yi fari, ba haka ƙasar gindin darbejiya take ba.
Nafi'u ya naɗi ƙarar tsakuwa tana faɗawa rami
sau arba'in
kafin ya yarda ta yi kama da tsakuwa.

Akwai kuma yaron Kurna, Bilyaminu,
da ya zo da wasansa a aljihu, yana jin kunyar fito da shi:
ɗan adaidaita sahu ne ke kutsawa cunkoson 'Yan Kura,
fasinja na faɗa a kan canji.
Muka sa sunanmu ƙarƙashin nasa, da ƙananan baƙaƙe.
Bakwai nasa, uku namu.
Watan farko rabonmu bai kai kuɗin gurasa ba,
muka ci gurasar duk da haka.

Sai ran wata Talata muka ji ana hawowa da nishi,
aka yi tuntuɓe a ta tara, aka yi salati.
Alhaji Tasi'u ne na layin shadda,
mai kira da asuba in sifili ɗaya ya ɓace masa.
Cikina ya ɗuri ruwa, na ce yau lissafi ya rushe.

Bai zauna ba ya ɗaga waya:
“Wa ya yi wannan darar?
A garin wa ake ci da jeri huɗu?”

Ya juya takardar bashin da muke binsa,
ya zana gurbi talatin a bayanta.
Murafen lemo nasa, ƙwallayen dabino namu.
Ya cinye Sagir kafin shayi ya huce,
ya cinye Nafi'u yana amsa waya,
ni ko ban san inda 'ya'yana suka bi ba.
Ya ce haka kakansa ke yi a Ƙofar Wambai,
ba a ci da huɗu, ba a gaggawa,
wanda ya fara murna shi ake rufewa.

Layi shida kacal muka gyara.
Ya ninke takardar ya sa a aljihu, da bashin da duka,
ya sauka, wannan karon ya tsallake ta tara.
Sagir ya dube ni ya ce, “Dara ta ci gida.”

Yanzu ƙarfe ɗaya na dare.
An ɗauke wuta, janareto ya yi shiru don fetur ya ƙare.
Ina duba adadin masu wasa da sauran cajin waya:
ɗari uku da goma sha biyu.
Wani a Damagaram bai yi barci ba,
yana jiran abokin karawa.
Na ajiye masa tsakuwa ta farko.