Sifilin Gantulga

Ranar da na koya musu sifili,
murhun ajinmu na cin busasshen kashin shanu,
taga ta daskare, ba a hango duwatsun Altai.
Yara goma sha tara, hula har kunne,
kowane baki na fitar da hayaƙinsa.

Na zazzage jaka a kan tebur,
ƙasusuwan idon sawun tumaki, irin na wasansu a gida.
Na ce, ku ƙirga.
Suka ƙirga bakwai da murya ɗaya, kamar masu koro garke.
Na ɗebe uku. Saura? Huɗu!
Na kwashe huɗun, na shafa teburin da tafi.
Saura?

Narangerel ta leƙa ƙarƙashin tebur
ko wani ya gangara.
Batzorig ya ce, Malama, ai lissafi ya ƙare,
wa ke raɗa wa babu suna?

Na zana ƙawanya a allo.
Na ce, ga sunanta, ita ma tana da kujera cikin lambobi.
Aji ya kwashe da dariya,
wai ƙwai ne da kaza ta manta.

Can baya, bakin ƙofa inda sanyi ke saɗaɗowa,
Gantulga bai dara ba.
Shi ne mai rubuta uku a juye,
wanda tun farkon zango ban ga tafin hannunsa a sama ba.
Ya ce, idonsa a kan takalminsa:
Ni na san ta.

Bara, da ƙanƙara ta danne ciyawa wata uku,
awakinmu ɗari da sha biyu ne.
Kullum da asuba Baba zai fita da fitila,
ya dawo ya rubuta a jikin sandar tanti.
Tamanin. Sittin da ɗaya. Ashirin.
Ran nan ya dawo bai rubuta komai ba,
ya zauna yana hura shayi mai gishiri
har ya huce a hannunsa.
Wurin yana nan fili, kamar ba a gama magana ba.
Da na san wannan, da na zana masa.

Shekara ashirin da biyu ina riƙe alli.
Littafin jagora, shafi na arba'in,
cewa ya yi a kwatanta da tuffa.

Na ce, yanzu fa, me ke garken?
Ya ce, akuya ɗaya, kawuna ya kawo, tana da ciki.
Na miƙa masa alli: zo ka rubuta ta.

Ya zo yana jan ƙafa.
Wuri ya ƙure a dama,
sai ya tsayar da sandarsa a hagun ƙawanyar.
Goma! in ji Narangerel, har da tsalle.
Ya juyo a fusace: Ɗaya ce!
Goma ce! Ɗaya ce!
Darasin mako mai zuwa ke nan
ya shigo ba sallama, ya same ni ban shirya ba.

Gantulga ya ɗaga hannun riga zai goge,
ya tsaya, ya daɗe yana kallo.
Ƙararrawa ta kaɗa, ya bar su tare.

Da yamma na mayar da ƙasusuwan jaka.
Shida.
Na ƙirga kuma, shida.
Na tuna wanda ya fita hannunsa dunƙule cikin aljihu.
A littafin kayan aji na rubuta bakwai.