Kogi Kamu Uku

A Agege, bayan layin dogo,
ɗakina bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba,
amma ina da kogi.
Tsawonsa kamu uku. Na auna.

Ubana Basarke ne, mutumin Yawuri,
ya san kifi da nauyinsa a cikin koma.
Ni na zo Ikko na zama manomi
mai dasa ciyawa da hantsaki,
tsinke ɗaya, tsinke ɗaya,
hannun riga a naɗe, ruwa har gwiwar hannu.

Yashi tukuna.
A wanke shi sau bakwai, har ruwan ya daina ƙarya.
A tula shi baya, a kwantar da shi gaba,
don ido ya yi zaton akwai nisa.
Sai dutse. Kada ka sa babban a tsakiya,
tsakiya wurin mai son a gan shi ne.
Ture shi gefe, karkata shi kaɗan
kamar dattijo mai sauraron ƙorafi,
ka ba shi ƙanne biyu su tsuguna kusa.

Saiwar nan a bakin ruwan Epe na tsinto ta.
Mako uku tana kwance a bahon Iya Ronke
tana mai da ruwa shayi.
Iya ta ce: Malam Jatau,
itacen dafa wake kake yi wa wanka?
Ranar da ta daina tasowa, ta nutse da kanta,
na san ta yarda.

Shuka ba ita ce wuya ba,
barin fili shi ne wuya.
Garin nan bai san fili ba:
inda ƙafa ta samu wurin tsayawa, gobe rumfa ce,
danfo na shaƙar hayaƙin danfo a kan gada.
Ni na bar hagu babu komai,
ruwa kawai, da haske.
Wani attajiri a Ikoyi ya ce in cika masa nasa
da benen roba da furen roba, zai ƙara kuɗi.
Na ce, ranka ya daɗe,
kifi ma yana son inda zai juya.

Kwana arba'in ban sa kifi ba.
Gansakuka ta shigo ba sallama,
na kankare, ta dawo, na kankare,
har na ɗauki katantanwa biyu aikin shara, ba albashi.
Daren wata Laraba aka ɗauke wuta,
famfo ya yi shiru, kumfa ta tsaya.
Na zauna da moɗa har kiran asalatu
ina ɗiba ina zubawa, ina ɗiba ina zubawa.
Maƙwabta na kokawa da janareto,
ni ina ara wa kogi numfashi.

Bara Baba ya zo a cire masa yanar ido.
Ranar da aka kwance masa bandeji
ya tsuguna gaban gilashin, ya daɗe.
Kifaye goma sha ɗaya, babu wanda ya kai ɗan yatsa,
suka ratsa ƙarƙashin saiwa a jere.
Ya ce: Waɗannan ko romo ba za su yi ba.
Sai ya ɗora yatsa daidai dutsen da ya karkata.
Wannan ai mashayar garinmu ce.
Ga inda uwarka take wanki.
Ga inda jirgina yake kwana.

Ban sani ba.
Wallahi na ɗauka daga kaina na ƙago.

Ya goge gilashin da bakin rigarsa,
ya sake leƙawa da sabon idonsa.
Ya ce: Saura kainuwa, can ta gabas.
Da sassafe na shiga motar Epe
da bokiti a kan cinya.